Maigidana ya ajiye maganin suga saboda garin amino asid ɗin ƙaninsa

Assalamu alaikum. Maigidana ɗan shekara 58 ne, shekara bakwai ke nan yana fama da ciwon suga. Likita ya ɗora shi a kan metfomin safe da dare, da Daonil da safe. Tun bara ya fara ramewa, daga kilo 74 ya dawo 62, ga kasala, ga ƙafa tana yi masa zugi da dare. Ƙaninsa da ke tallan kayan wani kamfani ya kawo masa gari a gwangwani, wai amino asid. Ya ce yana gyara gaɓar da ke samar da insulin, yana mayar da tsoka, kuma maganin asibiti ne ke cinye shi. Gwangwani ɗaya N45,000, a wata yake ƙarewa. Yau sati shida ke nan da ya ajiye ƙwayoyinsa. Da farko ya ce ya ji ƙarfi, cin abincinsa ma ya ƙaru. Amma yanzu yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar a dare, kuma da na lallaɓa shi na gwada shi da safe kafin ya karya, na'ura ta nuna 268. Da na yi magana sai Hajiyarsu ta ce ina hana ɗan'uwa taimakon ɗan'uwansa, ƙanin kuma ya daina gaishe ni. Shin garin nan yana da amfani ko babu? Kuma yaya zan yi ban raba zumunci ba, ban kuma zuba ido mijina ya lalace ba?

Wata uwargida daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya ba ki ladan jinya. Zan fara da abin da ba ya jira: lambar nan 268 kafin karin kumallo, haɗe da tashin fitsarin dare da ramar kilo 12, ta isa a ce ya ga likita cikin kwana biyu ko uku. Mai ciwon suga ana so ya wayi gari tsakanin 80 da 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma ƙasa da 180. Idan na'urarku mai ƙananan lambobi ce, irin mai nuna 7 ko 10, ki raba waɗannan da 18, sai 268 ta zama kusan 15. Idan kafin ranar ganin likita ya fara amai, ko ciwon ciki, ko numfashi mai zurfi da sauri, ko barci yana rinjayarsa da rana tsaka, ko yana magana ba kan gado, ko na'ura ta rubuta HI maimakon lamba, to a wuce da shi sashen gaggawa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. A irin wannan hali ba a neman iznin kowa.

Kada kuma ki ɗauko tsoffin ƙwayoyin ki mayar masa yadda yake sha a da ba tare da likita ya gan shi ba. Daonil, wanda ainihin sunan maganinsa gilibenkilamaid, yana iya kayar da suga ƙasa warwas ga mutumin da ya rame ko ƙodarsa ta yi rauni. Metfomin kuma ana rage shi idan aikin ƙoda ya sauka, ana dakatar da shi gaba ɗaya idan ya sauka sosai. Jikin da ke da kilo 74 ba shi ne mai kilo 62 ba, don haka sai an sake yi masa lissafi.

Yanzu ga garin. Amino asid ba baƙon abu ba ne, kullum kina zuba shi a tukunya. Furotin ɗin da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake da gyaɗa, idan ya isa hanji, narkewa yake yi ya koma ƙananan guntaye, su ne amino asid. Iri 20 ne jiki ke aiki da su. Guda 11 yana iya haɗa abinsa, guda 9 kuwa dole sai daga abinci. Ko ɗanɗanon daddawa da na farin magi daga ɗayansu yake fitowa, gulutamet. To abin da ke cikin gwangwanin nan, idan har abin da aka rubuta a jiki gaskiya ne, shi ne abin da ƙwai biyu za su ba shi bayan sun narke.

Ƙanin maigida bai ƙirƙiro maganarsa daga iska ba, kuma yana da kyau ki san gaskiyar da ke ciki don kada a kayar da ke a musu. Wasu amino asid, musamman liyusin da ajinin, suna zaburar da fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi, ta saki insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini. Likitoci sun daɗe da sanin haka, har ana amfani da ajinin a wani gwajin asibiti don a ga ƙarfin da ya rage wa gaɓar. Kuma a shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka ba mutum 18 masu ciwon suga ɗan abin sha mai giram 15 na furotin ɗin ruwan madarar da ke ragewa bayan an cire cuku, minti goma kafin kowane abinci, tsawon mako guda. Sugansu ya zauna daidai na ƙarin kusan awa biyu a kowace rana. Wannan sakamako ne mai kyau. Amma ki lura da abu uku: mutum 18 ne kawai, mako ɗaya ne kawai, kuma dukkansu suna shan magungunansu ba su ajiye ba. Zaburar da gaɓa ta saki abin da ya rage mata daban, gyara ta daban. Babu wani gari da aka tabbatar yana dawo da ƙwayoyin halittar fankiriyas da suka gaji.

Da aka gwada abin na dogon lokaci, labarin ya canza. A Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan an ɗauki dattawa maza 60 masu ciwon suga, aka ba rabinsu giram 7.5 na liyusin kullum har wata shida, sauran aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna tsoka ba ta ƙaru ba, ƙarfi bai ƙaru ba, suga ma bai gyaru ba. Waɗannan su ne mutanen da suka fi kama da maigidanki, kuma abin da ake yi masa alkawari ke nan.

Akwai ma abin da masu talla ba sa faɗi. Ki duba jikin gwangwanin, mai yiwuwa ki ga an rubuta BCAA. Wannan suna ne na amino asid uku: liyusin, aisoliyusin da balin. Tun 1969 aka lura cewa sun fi yawa a jinin masu ƙiba waɗanda insulin ba ya aiki sosai a jikinsu. A 2011 aka wallafa binciken da ya bi mutum 2,422 na garin Framingham a Amurka har shekara 12. Mutum 201 daga ciki suka kamu da ciwon suga, kuma waɗanda wasu amino asid uku, har da aisoliyusin, suka fi yawa a jininsu tun farko sun ninka waɗanda nasu ya fi ƙaranci shiga haɗarin fiye da sau biyar. Wannan bai tabbatar da cewa shan su ne ke kawo ciwon ba, domin masana da yawa suna ganin jikin da ya fara lalacewa ne ke kasa ƙona su, sai su taru. Amma ko ta wace fuska aka duba, jinin mai ciwon suga ba ƙarancinsu yake yi ba. Shi ya sa Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Amurka, wadda likitocinmu da yawa ke bin ƙa'idojinta, ba ta sa irin waɗannan kayan ƙari cikin maganin suga ba ga wanda ba a gano wani abu ya yi ƙaranci a jikinsa ba.

To me ya ramar da shi? A nan zuciyar maganar take. Idan suga ya haura kusan 180 a jini, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya riƙa zuba cikin fitsari yana jan ruwa, shi ne tashin daren da kike gani. Abincin da ya ci yana fita ta fitsari ba tare da jiki ya amfana ba. Ga shi kuma insulin ne ke shigar da suga da amino asid cikin tsoka, shi ne kuma ke hana jiki rushe tsokarsa. Idan ya yi ƙaranci, jiki yana narkar da tsoka da kitse, hanta ta mayar da wani ɓangare na amino asid ɗin suga. Kamar a yi ta sauke bulo a bakin gini ne alhali magini ba ya nan: bulon zai taru, katanga ba za ta tashi ba. Ramar da ta fara tun bara alama ce cewa ƙwayoyin sun fara gaza masa, abin da ke faruwa da masu ciwon suga da yawa bayan shekaru, kuma abin da ake yi a lokacin shi ne ƙara magani ko canza shi. Ƙarfin da ya ji a makonnin farko ma yana da bayani. Metfomin yana rage wa wasu sha'awar abinci, yana ɓata musu ciki, da ya daina sai abinci ya yi masa daɗi. Ga kuma farin cikin mutumin da aka ce masa ya kusa rabuwa da ciwo.

Ranar zuwa asibiti ku tafi da gwangwanin da kwalayen magungunansa duka, har da na gargajiya idan akwai. Ku roƙi a yi masa HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugansa na wata biyu zuwa uku, wanda ga yawancin mutane ake so ya kasance ƙasa da kashi 7. A yi gwajin ƙoda na jini a fitar da lambar eGFR, wadda ke nuna ƙarfin aikin ƙoda, a kuma duba fitsari ko furotin yana zuba. Wannan gwajin shi zai yanke hukunci a kan garin, domin ƙoda ce ke fitar da dattin da furotin ke bari, kuma bayan shekara bakwai da ciwon suga ba a ɗauka tana lafiya sai an gani. Idan eGFR ya sauka ƙasa da 60, ko furotin ya bayyana a fitsari, ƙa'idar ita ce giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kusan giram 50 a wurinsa, kuma garin ya fita daga lissafi. Zugin ƙafar ma a faɗa wa likita. Yana iya zama suga ne ya taɓa jijiyoyi, yana kuma iya zama ƙarancin bitamin B12, wanda shan metfomin na shekaru ke jawowa. Idan shi ne, to wannan ƙarin ne mai dalili, mai araha, da likita zai rubuta da kansa. Idan yana tari fiye da sati biyu ko gumin dare, a gwada tarin fuka, domin masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa da shi, shi ma yana ramarwa, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ki shirya zuciyarsa tun a gida cewa ana iya cewa allurar insulin. Mutanenmu suna jin tsoronta, suna cewa wanda aka fara yi wa ya kusa tafiya. Dalilin wannan suna shi ne ana ƙin ta har sai ciwo ya ci ƙarfin mutum. Ga wanda ke ramewa kamarsa, ita ce ta fi komai saurin dawo da jiki, kuma wasu na ɗan lokaci ake yi musu, idan suga ya lafa a mayar da su ƙwaya. Rashin wuta ba hujja ba ce: kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai kusan sati huɗu a wuri mai sanyi da inuwa, kuma a lokacin zafi ana sa ta a roba mai murfi a ajiye cikin tulun ƙasa mai ɗan ruwa.

Idan ƙoda ta fito lafiya, mai shekarunsa da ke son mayar da tsoka yana buƙatar giram 60 zuwa 75 na furotin a rana, kuma ki ga yadda tukunyarki za ta cika wannan. Dafaffen ƙwai biyu giram 12 ne. Kofi ɗaya na dafaffen wake kusan 13. Yankan kifi mai girman tafin hannu kusan 20. Kofin kindirmo marar suga 8. Gyaɗa cikin tafin hannu 7. An kai 60 ke nan, ba a lissafa awara ko ɗan naman miya ko zogale ba. Cokalin awon irin garin nan yawanci giram 5 zuwa 10 yake ɗauka. Ki raba furotin ɗin kashi uku, safe da rana da dare, kada a tara shi a abinci ɗaya. Ki sa ya fara cin ƙwan ko kifin da ganye kafin ya taɓa tuwo ko shinkafa, wannan jerin kaɗai yana rage tashin suga bayan abinci, kuma dabarar da aka gwada a Newcastle ke nan a aikace. Malmalar tuwo kada ta wuce dunƙulen hannunsa. Alala ya fi ƙosai saboda mai. Ɗanwaken kasuwa kuwa ki yi hattara, sunan wake ne amma galibi fulawa da garin rogo ne suka fi yawa. Tsoka kuma ba ta dawowa da ci kaɗai. Idan suga ya sauka, ya riƙa tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane abinci, da tashi-zauna daga kujera sau goma, zagaye biyu ko uku, kwana uku a mako, sanye da takalmi rufaffe saboda ƙafar nan.

Wani abu da za ki kiyaye bayan ya koma magani: idan suga ya faɗi ƙasa da 70, ya fara rawar jiki da gumi da jin yunwa mai tsanani, ba ƙwai ko madara ko garin nan ake ba shi ba, domin furotin ba ya ɗaga suga da sauri. Cokalin cin abinci ɗaya na suga ko zuma a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai hau ba a ƙara. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye.

Ki karanta jikin gwangwanin da kyau, ko ki ba mai harhaɗa magani a kemis ya karanta miki. Wasu ana zuba musu suga ko sitacin maltodekstirin don daɗin sha, haka ma sirof ɗin amino asid da bitamin da ake saya wa marar lafiya don buɗe ciki. Idan akwai ajinin a ciki, likita ya sani, musamman in maigida yana da hawan jini ko ciwon zuciya. Ana yawan tallata shi ga maza da sunan ƙarfin iyali, kuma ba zan yi mamaki ba idan wannan na cikin abin da 'yan'uwan biyu suka tattauna ba a gabanki ba, domin ciwon suga yana taɓa wannan ɓangare kuma maza ba sa faɗi. A Jami'ar Johns Hopkins an gwada ajinin a kan mutum 153 da suka taɓa samun bugun zuciya. Shida suka rasu cikin masu shan sa, babu ko ɗaya a ɗaya rukunin, aka dakatar da binciken, aka wallafa shi a 2006. Lambar NAFDAC kuma, in ma akwai ta, a kan irin waɗannan kaya ba shaidar warkarwa ba ce. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha kama kayan da ake tallatawa da sunan na halitta ne zalla, ashe an ɓoye metfomin da gilibenkilamaid a ciki. Saboda haka idan ƙanin ya ce ga wane da wane sugansu ya sauka, wannan ma ba abin kwantar da hankali ba ne.

Sai maganar gida, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Ke ce kike ganin tashin daren, ke ce kike ganin wandonsa yana yi masa yawa, sannan ke aka mayar mai laifi. Abin da ciwo, kuma ba ki yi kuskure da kika yi magana ba. Amma ki dubi sauran. Maigida ya sha ƙwaya shekara bakwai yana kallon jikinsa yana zubewa, duk wanda ya haɗu da shi a masallaci sai ya ce lafiya kuwa. Wanda ya zo masa da albishirin warkewa dole ya fi daɗin saurare a kan wadda ta zo da na'ura. Hajiya kuwa uwa ce da ta ga ƙaramin ɗanta yana hidima da babba, ba ta ga 268 ba, in ma ta gani ba ta san ma'anarta ba. Ƙanin, a ganina, ya fi kusa da wanda aka ruɗa a kan mai ruɗi. Irin waɗannan kamfanoni suna tara masu talla a taro, su haddace musu bayani, su sa su sayi kaya da kuɗinsu, sai ya zama mutum yana kare jarinsa da mutuncinsa a lokaci guda. Wannan bai wanke shi daga cewa a ajiye magani ba, kuskure ne babba. Amma idan kika kira shi mayaudari, kin rufe ƙofar da zai bi ya janye.

Don haka ki daina musu a kan garin, ki mayar da maganar kan asibiti. Ki samu maigida ku biyu, lokacin da ya huta, ki ce masa: "Alhaji, ni ban ce kayan ƙaninka ba su da kyau ba. Lambar nan ce ta tsorata ni. Mu je a duba ƙodarka, mu tafi da gwangwanin, abin da likita ya ce shi ke nan." Kada ki ce masa "ai na faɗa maka", ko da sakamako ya fito yadda kika zata. Idan ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, ki nuna masa lambobin da kika rubuta na kwana uku, safe kafin karyawa da awa biyu bayan abincin dare. Takarda mai lambobi ba a ce mata tana kishi da dangin miji.

Hajiya ki je ki gaishe ta da kanki, ki ce kin zo neman addu'arta za a kai ɗanta gwaji, kada ki ambaci ƙanin ko kaɗan. Shi kuma ƙanin, maigida ne ya kamata ya kira shi ya ce ya raka shi asibiti. In ya ji bayanin daga bakin likita, ba daga bakin matar yaya ba, zai samu hanyar sauka ba tare da jin kunya ba. Idan ƙoda lafiya take, kuma likita ya duba gwangwanin bai ga abin cutarwa ba, babu laifi maigida ya ƙarar da wanda aka riga aka saya tare da maganinsa, a bar shi a nan kada a sake saye. Idan likita ya hana, a mayar wa ƙanin wanda ba a buɗe ba cikin mutunci, a ce likita ne ya ce ƙodarsa ba za ta ɗauka ba.

N45,000 ɗin wata-wata kuwa ku raba ta: maganin wata, tsinken gwaji na na'ura, kiret ɗin ƙwai da kwanon wake, sauran a tara don HbA1c bayan wata uku da gwajin ido na shekara. Ki riƙa auna nauyinsa sau ɗaya a mako a kan sikeli ɗaya, ki rubuta a gefen lambobin suga. Idan suga ya daidaita wata biyu amma nauyi yana ci gaba da sauka, ku koma wa likita da takardar, a nemi wani dalilin.